Janareta mara shan mai: me ya sa batirina ke mutuwa bayan awa biyu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni matashi ne a Gombe, ina gyaran fanka da rediyo, amma tun ina yaro ƙere-ƙere ne abin da ya fi shiga raina. Wata bakwai ke nan ina haɗa janareta mara shan mai. Batir mai bolt 12, amfiya 100, yana juya moton lantarki, moton yana juya altanetar mota da fambel, altanetar tana mayar wa batir caji, inbata kuma tana ba ɗakina wuta. Yana tashi lafiya lau, ƙwan fitila uku da fanka suna kamawa, mita tana nuna kusan 13. Amma bayan kamar awa biyu sai komai ya mutu. Wani ya ce in ƙara faifan ƙarfe mai nauyi, wani ya ce mayen ƙarfe. Me ya rage in ƙara? Kuma ta yaya zan yi rajista kada a sace mini fasaha?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara in faɗa maka tun da wuri, kafin ka kai wa mai walda wani kuɗin: babu abin da ya rage ka ƙara. Haɗinka ba shi da kuskuren waya, kuma ba ƙarancin kayan aiki ne ya hana shi ɗorewa ba. Ko kamfanin da ya fi kowane kuɗi a duniya ka ba wannan zanen, da sababbin kaya fil, batirin zai mutu. Sai dai watakila nasu ya kai awa uku.

Na san maganar ba daɗi, domin ni ma na bi ta wannan hanyar. Ina ɗalibi a nan Bauchi na ciro moto biyu daga matattun rikodoji da na saya wurin 'yan gwangwan, na haɗa bakinsu da bututun biro, na jona wayar wannan ga wancan. Tunanina in na juya da yatsa sau ɗaya, za su ci gaba da ciyar da juna har abada. Na murza, suka yi zagaye kaɗan, suka tsaya cak. Mako biyu ina zargin bututun biron.

Ga inda matsalar take. Ka taɓa lura da yadda ƙaramin janareta ke sauya murya idan aka jona dutsen guga? Yana cikin rerawa sai ya yi gurnani, kamar an ɗora masa buhu. Wannan gurnanin shi ne amsar tambayarka gaba ɗaya. Altaneta tana juyawa sakayau muddin ba a jan wuta daga gare ta. Da an fara ja, wutar da ke bi ta cikin kwayil ɗinta sai ta haifar da nata maganaɗisun, wanda ke turjiya ga juyin. Gwargwadon wutar da ka ja, gwargwadon taurin da take yi. Wani masani mai suna Heinrich Lenz ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1834. Wanda ya taɓa tuƙa keke mai dinamo da daddare ya san ta a cinyarsa ko bai san sunanta ba: da fitila ta kama, feda ta yi nauyi. To a haɗinka, wa ke ɗaukar wannan nauyin? Moto. Wa ke ciyar da moto? Batir.

Mu yi lissafin kasuwa. A ce moto ya ja wat 100 daga batir. Ƙaramin moto mai kyau zai mayar da kamar 75 zuwa 80 su zama juyi, sauran su tafi a zafi. Taɓa jikinsa bayan minti ashirin, za ka ji inda suka tafi. Fambel da boris su ci nasu, a ce saura 72. Altanetar mota kuwa ba gwanar tattali ba ce, an yi ta ne don injin da ke da ƙarfi har ya yi yawa. Abin da take mayarwa wuta bai cika wuce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ba, kuma ita kanta sai an ba ta 'yan amfiyoyi kafin maganaɗisun cikinta ya tashi. Ka ga 72 sun koma 40 da 'yan kai. Batirin ma ba duk abin da aka zuba masa yake riƙewa ba. Wato ka fitar da naira ɗari daga asusu, ka zaga da ita bayan gida, ka dawo ka jefa arba'in. Ka sake fitar da ɗari, ka mayar da arba'in. Ba ka sayi komai ba tukuna, fitila da fanka ba su ma shigo lissafin ba. Asusun nan zai daɗe?

Ko da a ce ka samu moto da altaneta da ba sa asarar ko ƙwayar zarra, abin da babu shi, iyaka ɗarinka ta dawo ɗari. Rarar da za ta kunna fanka ba ta da inda za ta fito. Makamashi ba a ƙirƙirarsa daga babu, sauya kama kawai yake yi. Gwaje-gwajen James Joule a Ingila cikin shekarun 1840 da rubutun Hermann von Helmholtz na 1847 su suka kafa wannan, kuma har yau ba a samu injin da ya saɓa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, a lantarki ma haka abin yake.

Mitar da ke nuna maka kusan 13 ba ƙarya ta yi ba, tambayar da ba ta dace ba ka yi mata. Bolt kamar tsayin ruwa ne a tanki, ba ya gaya maka shiga ake yi ko fita. Batirin dalma cikakke yana nuna wajen 12.7, idan ya sha rabi ya nuna wajen 12.2, idan ya sauka ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Tazarar ƙanƙanuwa ce, shi ya sa mutum zai yi awa guda yana kallon mita yana murna alhali tanki na tsiyaya. Abin da kake bukata shi ne mitar amfiya, irin mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya, amma ka tabbatar mai auna wutar batir ce, don da yawa daga masu araha wutar NEPA kaɗai suke karantawa. Maƙala ta a babbar wayar da ke fita daga kan batir. Za ta nuna maka wuta fita take yi, ba shiga ba.

Gani ya kori ji, don haka yi wannan gwajin, ba zai ci maka ko sisi ba. Cika batir taf. Daren farko kunna haɗinka yadda ka saba, ka rubuta lokacin da ya mutu. Ka sake cika shi. Dare na biyu cire moto da altaneta gaba ɗaya, batir da inbata kawai, ƙwai uku da fankar nan dai. Ƙwai uku masu wat 10 da fanka mai wat 60 wat 90 ke nan, da asarar inbata a ce 105. Batir mai bolt 12, amfiya 100, a takarda yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda. Ko tsoho ne, zai wuce awa biyun nan nesa ba kusa ba. A nan za ka gane cewa injin da ka yi wata bakwai kana haɗawa shi ne babban mai shan wutar ɗakin. Amma kada ka mayar da kashe batir ƙurmus al'ada. Batirin dalma ya fi tsawon rai idan ba a wuce rabinsa ba.

Faifan ƙarfe mai nauyi rumbu ne, ba gona ba. Yana ajiye juyin da aka ba shi, ya mayar a hankali, shi ya sa yake da amfani a injin niƙa. Mayen ƙarfe kuma abin da ya ba ka lokacin da yake jawo ƙarfe, shi za ka biya lokacin ɓamɓare shi. Bidiyoyin YouTube da TikTok da kake gani fanka na juyawa da mayen ƙarfe, ka tambayi kanka me ya sa ba a taɓa ɗaga teburin an nuna ƙarƙashinsa ba, kuma me ya sa mai bidiyon bai rufe gidajen man garinsu ba.

Kada ka ji kunya, layin da ka shiga dogo ne kuma akwai manya a ciki. Wajen shekarar 1150 masanin lissafin Indiya Bhaskara ya zana wata ƙafa irin ta keke mai ɗauke da ruwan zaiba da ya yi zaton za ta yi ta juyawa da kanta. Masu kawo irin wannan sun yi yawa har a 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke shawarar daina duba su ɗungurungum.

Tashar lantarki ta Dadin Kowa, nan kusa da kai, ba ta shan fetur ko gas, kuma an gina ta don megawat 40. Amma ba daga babu take samu ba: ruwan kogin Gongola ne ke gangarowa daga tudu, kuma rana ce ta ɗaga ruwan nan sama tun farko ya zama hadari. Duk injin da ba ya shan mai, akwai wani abu daga waje da ke ciyar da shi. Kai ma rabin janaretarka mara mai tana hannunka, wato batir da inbata. Sayar da moto da altaneta, ka cika ka sayi farantin sola da na'urar daidaita caji. A ranar Gombe, faranti mai wat 200 da aka kafa daidai, ana goge masa ƙura musamman da hunturu, zai iya tara maka wajen wat 800 na awa guda a yini. Ka sa fis dab da kan batir, wannan ba shawara ba ce, dole ce. Batirin da zai tada mota zai mayar da waya garwashi cikin daƙiƙa idan ta haɗu. Kuma kada ka yi caji a ɗaki rufe, yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Ka yi wata bakwai, amma ba ka ambaci adadi ko ɗaya da ka auna ba sai bolt. Wannan ita ce cutar masu ƙere-ƙerenmu, ba rashin basira ba. Hannu akwai, haƙuri akwai, littafin rubuta awo ne babu. Michael Faraday, wanda ya gano a 1831 cewa motsa maganaɗisu kusa da waya na haifar da lantarki, wato kakan altanetarka, yaron shagon ɗinkin littattafai ne, bai yi zurfi a makaranta ba. Amma duk gwajin da ya yi sai ya rubuta, har da waɗanda suka ƙi. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke ne a Amurka. Kafin jirginsu ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903, tashin daƙiƙa 12 kacal, sai da suka ƙera akwatin hura iska suka gwada siffofin fiffike wajen 200 suna rubuta sakamako. Mutane suna tuna tashin, ni akwatin nake tunawa.

Ba sai an je nesa ba. Malam Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse ta Jigawa, tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na tsotsewa ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, irin dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Kayan miyar da kan lalace cikin kwana uku suka riƙa kai mako uku. Ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. Babu waya ko ɗaya a ciki. Ya dubi asarar da manoma ke yi ne, ya nemi abin da maginin tukwane na ƙauye zai iya yi.

In da ni ne kai, mai gyaran fanka a Gombe, injin ƙyanƙyasa zan sa gaba. Gawar tsohon firji, ƙwan fitila mai zafi ko 'yar hita, ƙaramar fankar kwamfuta, na'urar daidaita zafi, da tiren ruwa don danshi. Ƙwan kaza yana son digiri 37.5 na kwana 21, ana juya shi sau da yawa a yini har kwana na 18. Na zabo ya kan kai kwana 26 zuwa 28. Kuma akwai matsalar da ke jiran mai fasaha irinka: a watan Maris da Afrilu zafin garinku kan haura 40, wato aikin ya tashi daga ɗumama ƙwai ya koma sanyaya su. Wanda ya warware wannan da araha, a kan sola, masu kiwo za su neme shi har gida. Ka fara da ƙwai 30, ka rubuta zafi safe, rana da dare, ka ƙirga nawa suka ƙyanƙyashe, sannan ka sauya abu ɗaya tak kafin zubi na gaba. In ka sauya uku lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Batun rajista gajere ne. Dokar Najeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira tana ba da kariya ta shekara 20, da sharaɗin abin ya zama sabo kuma mai aiki a masana'anta. Ofishin rajistar yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya a Abuja, kuma hukumar NOTAP, mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu. Abu biyu ka riƙe. In ka yi sabon abu na gaske, kada ka baza cikinsa a Facebook kafin ka shigar, domin abin da aka riga aka bayyana wa duniya ya daina zama sabo. Sannan ofishin namu takardu yake dubawa ko sun cika, ba ya kunna injin ya gani. Don haka idan wani ya nuna maka satifiket na janareta mara mai, takardar ba shaida ba ce cewa yana aiki. Naka kuwa kwantar da hankalinka, babu mai sacewa, dubbai sun riga ka haɗa shi.

Kana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan cikin Gombe, mu kuma muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Bauchi. Ka nemi masu kula da ɗakunan gwaji na sashen lantarki, ba lallai sai farfesa ba. Su ne mitoci ke hannunsu, kuma sun fi sauraron wanda ya zo da littafin awo a kan wanda ya zo da labari. Ka yi gwajin dare biyun nan, ka aiko mini da lokutan da ka samu, da abin da ke rubuce a jikin moton da inbatar, sai mu lissafa girman farantin da zai ishe ka.