Amsar Hajiya kan dankalin da ganyensa ke ƙonewa

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya na ga hotunan, na ji kuma kina tambaya wane magani za ki fesa wa dankalin turawan naki ganyen ya dawo kore. To ni abin da na fahimta kike son ji shi ne 'ya'yan da ke ƙasa za su tsira ko a'a, don ganye kam wanda ya ƙone sai haƙuri, babu feshin da ke tayar da shi.

Amma tukuna, hoton saman ganye kika ɗauko, ni bayansa nake so. Gobe da sassafe kafin raɓa ta bushe ki juya ganyen, in kika ga wata farar fumfuna kamar auduga ta kewaye baƙin tabon, karan ma ya fara yin baƙi-baƙi, to ita ce, babbar cutar ƙunar ganyen dankali. In ba ki gani ba ki tsinko ganye biyu ki sa a leda da ɗan jiƙaƙƙen tishu ya kwana, za ta fito da kanta. In kuwa tabon busasshe ne mai zobe-zobe a ganyen ƙasa, wannan ƙaramar cutar ce, ba ta kai a tayar da hankali ba.

Kuma ruwan da aka jera satin nan ai shi take so. A Birtaniya ma ma'aunin gargaɗinsu ke nan, kwana 2 a jere sanyi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, danshin iska ya kai kashi 90 na awa 6 kowace rana, sai a ce wa manoma ku yi hattara. Ita ce fa ta shiga ƙasar Ailan a 1845, ta jawo yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ba cutar wasa ba ce, Phytophthora infestans sunanta a littafi.

In ta tabbata, ki sa almakashi ki yanke karan gaba ɗaya daga gindi, ranar da ba ruwa, ki zuba a buhu ki fitar da shi daga filin. Sai ki tone... a'a, astagfirullah, kar ki tone, nan ne ake kuskure. Ki bar shi a ƙasa sati 2 zuwa 3, ƙwayoyin da suka zuba a saman kunya su mutu, fatar dankalin ta yi ƙwari. In kika yi gaggawa da hannunki za ki shafa masa cutar, ki kai ɗaki ya ruɓe miki, warin kuwa sai wanda ya ji.

Ni abin ya taɓa ci na, kuma wallahi ba laifina ba ne. Maƙwabcin fulotina, ba sai na faɗi suna ba, wasunku sun san shi, duk shekara ruɓaɓɓen dankalinsa a bakin iyaka yake jibgewa wai taki yake yi. Taki! Damina na faɗuwa gyauro ya tsiro a kan jujin, ita kuma cutar a jikin ɗanyen dankali take kwana har shekara ta zagayo, iska ta kwaso ta kawo min. Na yi masa magana sau uku, ya ce ni ne na cika ban ruwa da yamma. Eh to, ina yi a lokacin, ta sama ma nake watsawa, na daina, yanzu da safe nake yi kuma a gindi, amma wannan daban jujinsa daban. Kunya shida na yi asara har da tumatir, kuma har yau mutumin nan bai ce min sannu ba, gaisawa muke kamar ba komai.

Yawwa tumatir, Hajiya in kina da shi kusa ki duba shi yau, danginsu ɗaya, cutar tana kama shi shi ma. Shi ne ma wanda feshin zai yi wa amfani in bai kamu ba, irin su mancozeb ko mai jan ƙarfe, riga-kafi ne kawai, kuma ki karanta takardar jikin don ba ko'ina aka yarda da su ba. Baɗi ki nemi iri mai juriya kamar Sarpo Mira, ki buɗa tazara, ki jawo ƙasa sosai ki rufe gindin... zan yi wannan bayanin wani lokaci, cajina ya kusa ƙarewa. Ki dai turo hoton bayan ganyen da safe.