Amsa: Stratocaster ta 1964 da aka yi wa gyare-gyare, a maido da ita yadda take kafin a sayar?

Ɗan'uwa, ka ce gitar da ka gada, wato Stratocaster, gitar lantarki ta kamfanin Fender, an sake mata fenti, an kuma canza pikof ɗaya, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, kana tambaya ko ka gyara ta tukuna. Shawarata, kada ka taɓa ta.

Fara tabbatar da shekararta. Kwance wuyan, za ka ga kwanan wata a gindinsa. Duba bayan abubuwan murɗa sauti, ta cikin gitar: 137 ko 304 lambar kamfanin da ya ƙera su ce, sauran lambobin shekara ce da mako. Wannan na da muhimmanci, domin a farkon 1965 kamfanin watsa labarai na Amurka, CBS, ya sayi Fender, kuma masu tara gita sun fi ɗaukar na kafin lokacin da daraja nesa ba kusa ba.

Fentin nan shi ne babbar asara. Wani sabon fenti ba zai dawo da na asali ba, kuɗinka kawai zai ci. Pikof kuwa da sauƙi, in tsohon yana nan a gida, sa shi cikin akwatin gitar ka sayar tare. Haka makunnin zaɓen pikof: in ka ga mai matsayi biyar, canzawa aka yi, don sai 1977 Fender ta fara sa irinsa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne in an fafe katakon jikin don a sa babban pikof.

Wallahi gara ka faɗa wa mai saye komai, da hotunan ciki. Makaɗa da yawa irin wannan suke nema, tsohon katako a farashin da za su iya.