Bari Gidan Ya Fara Sanyaya Kansa

Ɗana, jiya muna jan igiyar tushe a gonar nan ta gefen garin Wad Madani na Sudan ka tambaye ni: "Usta (wato babban magini), tunda mai gidan zai sa sola, me ya sa muke wahala da bango mai kauri da juya fuskar gida? A jera bulo, a buga kwano, na'urar sanyaya ɗaki ta yi sauran." Rana ta take a lokacin, shi ya sa na ce ka bari sai mun zauna.

Ka taɓa ɗora tafin hannunka a bangon yamma bayan sallar isha'i a watan Mayu? Kamar bakin tanda yake, alhali rana ta daɗe da faɗuwa. Zafin nan da ya wuce digiri 40 bango ke sha, da dare ya juye wa masu ɗaki. In ka bar wa na'ura wannan faɗan, batir zai ƙare kafin asuba, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ka san wutar gwamnati ba abin jingina ba ce.

Shi ya sa na shimfiɗa tsawon gidan daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, tagogi a cikinsu suna duban juna don iska ta ratsa. Yamma kuwa sito da banɗaki za mu ajiye, su tare wa ɗakunan kwana ranar la'asar. Bangon na jan bulon bakin Nilu ne, kaurinsa bulo ɗaya da rabi. Kauri ba ya kashe zafi, jinkirta shi yake yi har dare, lokacin da mutane sun fito da angarib, wato gadon igiya, tsakar gida, an buɗe tagogi.

Kwano tsirara ba na yinsa. Sai da silin, da sarari tsakaninsu inda iska mai zafi za ta fita, a shafe saman da fari. Faifan sola a ɗaga su sama da rufin, su karkata kudu kamar digiri 15, su yi masa inuwa. Duk habub, wato guguwar ƙura, ya wuce, a goge su. Ta kudu za mu kafa rakuba, wato rumfa, mai faɗi, randa a ƙarƙashinta.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne bishiya. Mai gona zai so darbejiya da lemun tsami a jikin gida, kuma inuwarsu alheri ce. Amma baƙar ƙasar yankin nan na Jazira kumbura take yi da damina, da rani ta tsattsage har hannu ya shiga. Saiwa ta zuƙe ruwa a gefe ɗaya, kwata ta jiƙa ɗaya gefen, tushe ya rasa ta wa zai bi. Ina saurayi na gina ɗaki kusa da darbejiya, damina biyu bangon ya dare tun daga taga har ƙasa, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Don haka bishiya nesa, ruwan alwala da na wanke-wanke a ja shi da bututu zuwa gindin lemo.

Garken awaki gabas zai zauna, kada wari ya shigo gida, domin iskar sanyi daga arewa take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma.

Gobe ka zo bayan asuba da turaku huɗu. Kai za ka fitar mana da gabas da kanka, ni ina kallo.