Tambaya da Amsa: An Ce a Mayar da Taraktata

Tambaya: Malam, na sayi ƙaramar tarakta a Damagaram, sai na ji kamfanin ya ce a mayar da irinta saboda matsalar birki. Yaya zan yi? Manomi daga Mirriya.

Amsa: Alhaji, ajiye ta tukuna, tarakta marar birki kan gangare tana kisa. Duba farantin ƙarfe a jikin shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin taraktar, kwafi lambar da ke kansa, ka kai wa dilan da ya sayar maka tare da takardar saye. Idan lambarka na cikin waɗanda aka ce a mayar, gyara da kayan gyara kyauta ne. Kada bakanike na unguwa ya kwance birkin, domin kamfani zai iya cewa hannunsa ne ya ɓata. Bayan gyara, karɓi takarda mai kwanan wata da sunan abin da aka canza.