Shin kwamitin ruwa zai iya riƙe famfo shi kaɗai?

Tambaya: Ana ta cewa a bar wa jama'a kula da ruwansu da kansu. Anya ba dabara ba ce da gwamnatoci ke yi don su sauke nauyin da ke kansu?

Amsa: Zarginka yana da tushe, amma ba daga nan tsarin ya samo asali ba. Shekaru da dama ana haƙa rijiyoyin burtsatse, a yi bikin buɗewa a watse, famfo ya lalace ba mai taɓa shi, don kowa na cewa na gwamnati ne. A taron ƙasa da ƙasa kan ruwa da muhalli da aka yi a birnin Dublin na ƙasar Ireland a 1992 aka amince cewa ruwa yana da iyaka, masu amfani da shi su shiga yanke shawara, mata kuma su ne ginshiƙin ɗebo shi da tattalinsa.

Elinor Ostrom, masaniya 'yar Amurka wadda ta samu kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin noman rani a Nepal. Sau da yawa magudanan da manoma ke gudanarwa, na ƙasa da duwatsu, sun fi na siminti da hukuma ke riƙe da su kai ruwa gonakin ƙarshen layi. Dalilin kuwa, na kusa da bakin kogi yana buƙatar hannun na ƙarshe ranar yasar magudana, don haka ba ya iya tare ruwan shi kaɗai.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwamitin ruwa na ƙauye zai iya tara kuɗin taro-da-sisi ya canza robar da ta cinye a cikin famfo. Amma idan bututu ya ɓalle ya faɗa rami, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, abin ya fi ƙarfinsa. Miƙa rijiya ba tare da makaniki da kayan gyara a kusa ba, a ganina, yasarwa ce kawai.

Kogi kuma bai san iyakar ƙauye ba. Noma ne ke shanye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba a duniya, dam ɗaya a sama yana iya busar da fadamar masunta da makiyaya a ƙasa. Nan sai hukumar da ke duba kogin daga tushe har ƙarshensa. Dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998 ta tanadi a fara ware kason buƙatun mutane na yau da kullum da na rayuwar kogin kansa, kafin a ba gonaki da masana'antu lasisi.