Kwas ɗin kula da ƙuna: wanne ya kamata in yi, kuma me zan koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni nas ce a wani babban asibiti a Jigawa, tun bayan fashewar tankar mai a Majiya a watan Oktoban 2024 hankalina ya karkata ga kula da masu ƙuna. Wankin ciwo dai na iya, to me kwas zai ƙara min, kuma ina ake yin sa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya saka da alheri. Gaskiya wankin ciwo shi ne ƙaramin abu a ranar farko. Mai babbar ƙuna abin da ke kashe shi a awa 24 zuwa 48 na farko ruwan jiki ne da ke tsiyayewa daga jijiyoyi har ƙoda ta tsaya, sai kuma maƙogwaro da ke kumbura in ya shaƙi hayaƙi, kuma nan ne kwas yake banbanta ki da wadda ta iya ɗaura bandeji kawai.

Gajerun kwasa-kwasan da aka fi sani guda biyu ne, ABLS na ƙungiyar likitocin ƙuna ta Amurka, da EMSB da ya samo asali daga Ostireliya da Niyu Zilan, duka yini ɗaya ne ko makamancin haka kuma kan matakin farko suka tsaya. In kuma dogon karatu kike so, Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Enugu yana da makarantar ƙarin horo ga nas-nas kan ƙuna da gyaran fata. Likitoci su kuma ta hanyar ƙwarewa a tiyatar gyaran fata suke bi, ƙarƙashin kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma.

Bari in nuna miki irin abin da za a matsa miki sai kin iya. Na farko auna girman ƙunar. A babban mutum kai kashi 9 ne cikin 100 na fatar jiki, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, ƙirji da ciki 18, baya 18, amma yaro kansa ya fi girma in an kwatanta da jikinsa shi ya sa ake amfani da jadawalin Lund da Browder, mai raba kason jiki gwargwadon shekaru, in ƙunar warwatse take kuma tafin hannun majinyacin da yatsunsa kusan kashi 1 ne. Jan fata kawai wanda bai tashi ba ba a lissafa shi, nan mutane da yawa ke zarce lissafi su cika ma mutum ruwa.

Sai lissafin Parkland, wato lissafin ruwan da za a ƙara ma majinyaci ta jijiya: mil (mililita) 4 sau nauyinsa a kilo sau kason ƙuna, da ruwan ƙari na Ringa (Ringer's lactate). Mutum mai kilo 60 da ya ƙone kashi 30, mil 7,200 kenan a awa 24, rabinsa wato 3,600 a awa 8 na farko. To ki lura sosai, awa takwas ɗin daga lokacin da ya ƙone ake ƙirgawa ba lokacin da ya iso ba, in an ɓata awa uku a hanya daga ƙauye to cikin awa biyar zaki ba shi rabin nan. ABLS yanzu ma da mil 2 suke farawa a babba, don lissafin mafari ne kawai, alƙalin gaskiya fitsari ne. Ki sa masa robar fitsari, ki duba jaka duk awa, babba ya riƙa ba da kusan mil 30 zuwa 50, ƙaramin yaro mil 1 a kowane kilo. In ya ragu ki ƙara gudun ruwa, in ya yi yawa ki rage.

Ki kuma koyi kallon fuska, gashin hanci ya babbake, baƙin toka a baki ko majina, murya ta dishe, wannan ki kira likita tun yana magana lafiya, don in kumburi ya zo saka bututun numfashi zai yi wuya. Haka ƙunar da ta zagaye hannu ko ƙirji fatar ta yi tauri, tana iya datse jini sai an tsaga ta a tiyata, ke ce zaki fara ganin yatsu sun yi sanyi. Zobe da awarwaro a cire su da wuri.

Shawarata ki fara da gajeren kwas in kin samu, kuma kar ki tafi ke kaɗai, ki ja likitan sashen gaggawa da wani nas na dare, don lissafin da mutum ɗaya ya iya a asibiti yana tafiya gida in ya tashi aiki. Ki nemi a tura ki sashen ƙuna na asibitin koyarwa ko na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ki yi makonni kina gani da ido, can zaki koyi ciyar da su abinci mai gina jiki da miƙe gaɓoɓi kar fata ta ƙanƙance haɓa ta manne da ƙirji.

Hunturu kuma yana tafe da yaran da suka faɗa murhu ko ruwan zafi, ki dinga faɗa ma iyaye su zuba ma ƙunar ruwan famfo minti 20, ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, sannan su lulluɓe yaron da tsabtataccen zane su kawo shi.