Shin Makin Jarrabawar Likita Na Nuna Iya Kula da Mai Ciwon Suga?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara shida ke nan mahaifina na fama da ciwon suga. Yayana da ke Amurka ya ce a can likita kan sake zana jarrabawa, wai kuma wanda ya fi maki ya fi iya kula da mai suga. Haka ne? Mu a nan ta yaya za mu gane?
Daga wata mai karatu, Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar yayanki na da ƙamshin gaskiya. A 1990 hukumar ABIM mai tantance likitocin cututtukan manya a Amurka ta daina ba da shaidar dindindin, ta mayar da ita ta shekara 10, wadda sai an sake jarrabawa ake sabunta ta. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya nuna masu maki da yawa sun fi tura majinyata gwajin suga na HbA1c, kitsen jini da duba ido. Sai dai tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma yin gwajin aka ƙirga, ba saukar sugan ba.

A Najeriya hukumar MDCN mai kula da likitoci na sabunta lasisi duk shekara ne bisa shaidar ƙaro ilimi, don haka babu makin da za ki nema. Katin Baba za ki duba.

HbA1c na nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3. A yi shi duk wata 3 idan suga bai daidaita ba, sau biyu a shekara idan ya daidaita. Ƙasa da kashi 7 ake nema ga yawancin manya, amma a kan sassauta wa tsoho, don faɗuwar suga ta fi yi masa illa nan take. Sikila da ƙarancin jini kan rikita sakamakon, kuma likitan kirki zai yi tambaya a kansu.

A auna hawan jini duk zuwa. Sau ɗaya a shekara a ɗiga magani a leƙa bayan ido, a gwada fitsari da jini don ƙoda, domin idan ƙoda ta yi rauni sosai dakatar da maganin suga na metformin ake yi. Ƙafa kuwa, ita aka fi mantawa ranar cunkoso. Jijiya kan mutu, ƙusa ta soki mutum bai ji ba, sai gyambo. Ki cire wa Baba takalmi da safa tun kafin ku shiga ɗakin likita.